Akwatinka ya fito daga jirgi a fashe: wa zai biya, nawa ne, kuma zuwa yaushe?

Da zarar an fara dawowa daga Umarar azumi, ko jigilar alhazai ta kankama, sai hotuna su cika Facebook da WhatsApp. Akwati ya dare gida biyu, taya ta ɓalle, zif a farke, shadda ta sha mai. A ƙarƙashin hoton kuma sai jama'a su rabu. Wasu su ce dole kamfani ya biya komai har da kuɗin ɓacin rai, wasu su ce kada ka wahalar da kanka, ko sisi ba za ka gani ba. To me doka ta ɗora wa kamfanin jirgi idan ka miƙa masa kaya lafiya ƙalau ya maido maka da su a lalace? Haƙƙin fasinja yana nan a rubuce, ya kuma fi ƙarfin yadda masu cewa a haƙura suke zato. Amma yana da iyakar kuɗi, kuma ransa gajere ne ƙwarai, har yawancin mutane a bakin ƙofar fita daga filin jirgi suke rasa shi ba su sani ba.

Bara na je taryen gwaggona da ta dawo daga Umara. Ta fito tana tura keken kaya, babban akwatinta ya fashe ta kusurwa, an naɗe shi da salatif. Tun daga nesa ƙamshin turare yake tashi, domin kwalba ta fashe a ciki ta jiƙa abayoyin da ta sayo wa 'yarta mai shirin aure. Na ce, "Gwaggo, mu koma mu kai ƙorafi."

Ta ce, "Kai ɗan nan, rabu da su. Mun dawo lafiya, ai shi ne babba. Wani yaro a ciki ma ya ce mini Hajiya sai haƙuri, haka kayan suka zo."

Da ƙyar na shawo kanta. Da ƙyar kuma jami'in da ke ƙofa ya bar ta ta koma, don wanda ya fito daga zauren ɗaukar kaya ba a cika barinsa ya sake shiga ba. Mun yi sa'a ba ta yar da katin shiga jirgi ba, kuma a bayansa akwai 'yar sitika mai lambar akwatinta.

Dokar da ke bin akwatinka duk inda ya je

Tafiyar jirgi daga ƙasa zuwa ƙasa tana ƙarƙashin wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a birnin Montreal na Kanada ranar 28 ga Mayu, 1999, ta fara aiki ranar 4 ga Nuwamba, 2003. Ita ta gaji tsohuwar yarjejeniyar Warsaw ta 1929, wadda aka rubuta lokacin da harkar jirage ke rarrafe kuma babban abin da ya dami gwamnatoci shi ne kada diyya ta karya kamfanoni. A tsarin Warsaw da kilo ake lissafi, kusan dala 20 kan kowane kilo, ko zinari ne a cikin akwatin ko tsumma. Montreal ta jefar da ma'aunin kilo ta ɗora diyya a kan fasinja.

Najeriya ta shigar da yarjejeniyar cikin dokokinta ta hanyar Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, wadda ta 2022 ta maye gurbinta. Saudiyya da Masar da Habasha da Turkiyya da Daular Larabawa, wato hanyoyin da matafiyanmu suka fi bi, duk suna ciki. Ko da ƙasar da ka je ba ta sa hannu ba, idan tikitinka na zuwa da dawowa ne daga ƙasar da ta sa hannu, yarjejeniyar ta rufe ka. Haka wanda ya tashi daga Kano zuwa Legas ya wuce Landan a kan tikiti guda: wannan ɗan zangon na cikin gida ma ana ƙirga shi cikin tafiyar ƙetare.

Sashe na 17 na yarjejeniyar shi ne gishirin maganar. Ya ce kamfani ke da alhakin lalacewa ko ɓacewar kayan da aka auna aka karɓa daga hannun fasinja, matuƙar abin ya faru a cikin jirgi ko a lokacin da kayan ke hannun kamfanin. Ba a ce sai ka kawo shaidar cewa wane ne ya jefar da akwatin ba. Ba a ce sai ka tabbatar da sakaci ba. Ka miƙa lafiya, ka karɓa a lalace, magana ta ƙare. Mafitar da aka bar wa kamfani ita ce ya nuna cewa aibin daga kayan ne ko daga yanayinsu, kamar akwatin da dama ya ruɓe, ko ya nuna cewa kai ma da naka sakacin a ciki, a rage masa nauyi gwargwadon haka.

Jakar hannu hukuncinta daban. Tana tare da kai, saboda haka sai ka nuna laifin kamfani ko ma'aikatansa kafin a biya ka. Amma idan a bakin jirgi suka karɓe ta saboda babu wuri a sama, suka manna mata lamba suka kai ta ƙasa, ta koma hannunsu. Shi ya sa kafin ka miƙa ta ya kamata ka zare kwamfuta da kuɗi da magani da fasfo.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya an ɗora wa masu sana'a, irin su tela da marini, lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsu, don kada dukiyar jama'a ta riƙa tafiya a banza. Babu wanda zai kai wa tela yadi biyar ya ƙona da dutsen guga, sannan a ce neman biya rashin tawakkali ne. Ban san dalilin da ya sa idan kamfani ne mai jirage da ofisoshi a ƙasashe goma sai mu ga kamar tambayarsa rashin godiyar Allah ce ba.

"Ai ba mu ba ne, masu lodi ne"

Wannan ita ce amsar farko da ake yawan ba fasinja, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ba ma'aikatan kamfanin jirgi ne ke ɗora kaya da sauke su a mafi yawan filaye ba. A Najeriya kamfanonin hidimar ƙasa irin su NAHCO da SAHCO ne ke wannan aiki, bel ɗin da ke zagayo da kaya kuma a yawancin filaye na FAAN ne, hukumar kula da filayen jiragen sama. Akwati yakan ratsa hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Sai dai kai da kamfanin jirgi kuka ƙulla, shi ya ba ka lamba, shi ya ɗauki masu lodin aiki. Ya biya ka, ya je can su sasanta tsakaninsu.

Haka abin yake idan jirage biyu ko uku ka hau a tikiti ɗaya. Sashe na 36 ya ba ka damar bin kamfanin farko, ko na ƙarshe, ko wanda ɓarnar ta faru a hannunsa. A aikace na ƙarshe ake kai wa, tunda shi ke da ofis a inda ka sauka. Wanda ya yanki tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi, ya ɗauki kayansa a tsakiya ya sake miƙawa, shi ne zai sha wahala, domin kowane kamfani zai nuna ɗan'uwansa.

Kuma a wurin canjin jirgi ne kaya suka fi shiga uku. Kamfanin SITA, mai fitar da rahoton kayan fasinjoji duk shekara, ya ce a 2024 jaka 6.3 cikin kowane fasinja 1,000 ta gamu da matsala a duniya, fiye da jaka miliyan 33 ke nan. Kusan kashi uku cikin huɗu jinkiri ne, kashi 18 cikin ɗari lalacewa ko ɗauke wani abu daga ciki, saura kuma ɓata. Mafi girman sanadin jinkirin shi ne sauya kaya daga jirgi zuwa jirgi. Mai tashi daga Kano zuwa Jidda ta Addis Ababa ko Alƙahira, ko ɗan kasuwar da ya taso daga Guangzhou ya ya da zango biyu, shi ne ya fi kusa da wannan lissafi.

Iyakar diyya, da kuskuren da ake yi mata

Ba da dala ko naira aka rubuta iyakar ba. An rubuta ta da wani ma'auni na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda ake haɗa darajarsa daga dala da yuro da yuwan na Sin da yen na Japan da fam na Ingila. Da farko SDR 1,000 ne. Ana duba shi duk shekara biyar saboda tsadar rayuwa, ya koma 1,131 a 2009, 1,288 a 2019, sannan 1,519 daga 28 ga Disamba, 2024. A kuɗin da muka sani, wajen dala 2,000 ke nan. A tafiyar cikin gida kuwa, dokar Najeriya ta yanke dala 1,000.

A nan mutane suke ruɗewa. Wannan adadi rufi ne, ba kyauta ba. Ba wai duk wanda tayar akwatinsa ta karye za a danƙa masa dala 2,000 ba. Abin da ka yi asara za a biya, idan ka iya nuna shi, har zuwa wannan iyaka. Kotun Tarayyar Turai ta faɗi haka ƙarara a 2020 a wata shari'a da kamfanin Vueling, inda fasinjar da jakarta ta ɓace ta nemi cikakken adadin kai tsaye. Shekara goma kafin nan, a 2010, kotun ta yanke a shari'ar kamfanin Clickair cewa ɓacin rai da damuwa ma a cikin wannan rufin suke, ba a ƙara su a samansa. Hukuncin Turai ba ya ɗaure alƙalin Abuja ko Yamai, amma tunda rubutun yarjejeniyar ɗaya ne, lauyoyi sukan kafa hujja da shi. Sashe na 29 kuma ya hana diyyar horo, wato irin wadda ake ɗora wa kamfani don ya ji a jikinsa.

Abu na biyu, kuma shi ya fi cin 'yan kasuwarmu: iyakar ta fasinja ce, ba ta jaka ba. Ko jaka ɗaya ka miƙa ko bakwai, rufin ɗaya ne. Kuɗin ƙarin kilo da ka biya a kanta bai ɗaga shi ko da taƙi ba, wannan ladan ɗauka ne kawai. Hajiyar da ta lodo leshi da takalma da gwala-gwalai na dala 15,000 daga Dubai, ta biya kuɗin jaka huɗu na ƙari, idan duka suka ɓace abin da doka ta lamunce mata bai wuce wajen dala 2,000 ba. Waɗanda suka tsara yarjejeniyar matafiyi mai riguna da man goge baki suke hange. Mu kuwa akwatinmu shago ne, wani lokaci jarin gida guda ne a ciki, har da kuɗin adashi.

Akwai ƙofar fita, sai dai ba a tallata ta. Sashe na 22 ya ba fasinja damar bayyana darajar kayansa a lokacin da yake miƙa su, ya biya ɗan ƙarin kuɗi idan an nema, sai rufin ya tashi zuwa adadin da ya bayyana. Dole a wurin awo a yi wannan, a rubuce, kuma kowane kamfani yana da nasa tsarin da iyakar da yake karɓa, don haka tun kafin ranar tafiya ake tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kayansa na kasuwa ne zalla gara ya duba inshora, ko ya aika su a matsayin kaya na kago da takardunsu, duk da cewa can ma akwai rufi, SDR 26 kan kowane kilo, sai in an bayyana daraja.

Hanya ɗaya ta rage ta fasa rufin, ita ce ka tabbatar cewa kamfani ko ma'aikacinsa da gangan ya yi ɓarnar, ko da ganganci alhali ya san ɓarna za ta iya biyo baya. Sata a hannun ma'aikaci na iya shiga nan. Amma nauyin hujja a wuyanka yake, kuma abin da ya faru a bayan bango, inda fasinja ba ya shiga, tabbatar da shi ba wasa ba ne.

Ga wani abu da ya shafi yadda muke tafiya. Iyali sukan haɗa kayansu a akwati ɗaya da sunan maigida. A 2012 kotun ta Turai, a shari'ar wani iyali mai mutum huɗu da kamfanin Iberia, ta ce kowane fasinja da kayansa ke cikin akwatin yana da nasa haƙƙin, matuƙar ya nuna cewa da gaske kayansa na ciki. Wannan ya taimaki iyali. Bai taimaki mai saƙo ba. Maƙwabcin da ya ba ka waya biyu ka kai wa ɗansa ba fasinja ba ne, ba shi da wata da'awa a kan kamfani, kuma kai ne za ka dawo unguwa kana rantse-rantse.

Kwana bakwai

Da a ce abu ɗaya za a riƙe daga yarjejeniyar baki ɗaya, da sashe na 31 ne. Ya ce idan ka karɓi kayanka ba ka yi ƙorafi ba, ana ɗauka lafiya ka karɓe su, sai in ka kawo hujjar akasin haka. Idan lalacewa ce, dole ka kai ƙorafi da zarar ka gani, kuma kada ya wuce kwana 7 daga ranar da ka karɓi kayan. Idan jinkiri ne, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka su. Dole kuma a rubuce. Wanda ya bari wa'adin ya wuce ba shi da damar kai ƙara, sai fa in kamfanin ne ya yaudare shi.

Yanzu a auna kwana bakwai da yadda muke dawowa daga tafiya. Ranar farko gajiya. Rana ta biyu da ta uku 'yan sannu da zuwa sun cika falo, ana rabon dabino da zamzam da tasbaha. Ƙila sai an kwana biyar ake buɗe akwati na biyu, a tarar da kwalba ta fashe ko an zare wani abu. Sai a kira wani ɗan'uwa da ya san wani a filin jirgi, shi ma ya ce bari ya bincika. Kafin ya dawo da amsa mako ya cika, komai ya zama ihu bayan hari. Kiran waya ba rubutu ba ne. Faɗa da ma'aikaci a gaban jama'a ba rubutu ba ne. Bidiyon da aka ɗora a TikTok ma, ko mutum miliyan ya kalla, ba shi ne ƙorafin da doka take nufi ba.

Abin da ake yi kafin a fita daga zauren shi ne a nemi teburin kula da matsalar kaya, wanda yawanci yana kusa da bel ɗin, a cike takardar da ake kira PIR. A kanta za a rubuta lambar sitikar jakarka, lambar jirgi, da irin ɓarnar, a ba ka wata lambar bibiya. Wannan lambar ce ke shiga tsarin WorldTracer da kamfanoni da yawa ke amfani da shi wajen neman kaya. Ka ɗauki hoton akwatin a nan inda yake, da sitikarsa a jiki, kada ka ɓalle ta. Amma kada ka tsaya a nan, domin kamfanoni da yawa suna ɗaukar PIR a matsayin rahoto kawai, suna jiran da'awar diyya daban. Ka aika musu imel ko ka cike fom ɗin shafinsu cikin kwana bakwai ɗin, ka lissafa abin da ya lalace da kuɗinsa, ka ajiye shaidar aikawa. Idan teburin babu kowa, abin da ke faruwa ga jiragen tsakar dare, ka ɗauki hoton teburin a wofi, ka aika saƙon kafin ka kwanta.

Jakar da ba ta iso ba, bayan kwana 21 ana ɗaukarta ɓatacciya a tafiyar ƙetare, ko kamfani ya yarda ko bai yarda ba. A tafiyar cikin gida kwana 7 ne. Kafin nan, ƙa'idojin 2023 na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, a kashi na 19, sun wajabta a ba fasinjan da kayansa suka yi jinkiri kuɗin biyan buƙatun farko, naira 10,000 a cikin gida, dala 170 a tafiyar ƙetare. Naira 10,000 a yau ko riga da wando ba za ta saya ba, amma haƙƙi ne, kuma ba a cika miƙa shi ga wanda bai tambaya ba. Duk abin da ka saya na larura saboda jinkirin, ka riƙe rasit.

"Ba ma biyan taya da hannu"

A takardun sharuɗɗan kamfanoni za ka ga dogon jeri na abin da suka ce ba su da alhakinsa: kuɗi, gwal, kwamfuta, kayan gilas, abinci mai lalacewa, wani lokaci har taya da mariƙi da zif. Wasu kuma sukan manna wa jaka wata sitika ta musamman su sa ka sa hannu cewa ka yafe. Sashe na 26 ya ce duk sharaɗin da ke neman sauke wa kamfani alhaki, ko ya rage iyakar diyya ƙasa da abin da yarjejeniya ta yanke, ba shi da ƙarfi. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni a 2015 cewa ba za su ƙi biyan karyewar taya da hannu da zif da sunan wata ƙa'idarsu ba, idan ɓarnar ta wuce tsufan yau da kullum.

To amma a yi wa kamfanoni adalci. Ƙuje da ɗan lotsewa da datti ba ɓarna ba ce, aikin akwati ke nan, ya sha duka don kayan ciki su tsira. Kuma wanda ya taɓa tsayawa a layin awo ya ga abin da muke miƙawa. Akwatin da aka yi don kilo 23 an danna masa 32, mutum biyu sun zauna a kai kafin zif ya rufe. Galan na manja ko zuma an naɗe a zani. Buhun gana-mas-go an ɗinke shi da basilla, har kamfanin jiragen Habasha ya hana karɓarsa daga Najeriya a ƙarshen 2023 saboda yana maƙalewa a na'urorin jan kaya. Idan irin wannan ya fashe, kamfani yana da bakin cewa aibin daga kayan ne. Suna kuma kukan da'awar ƙarya, mai cewa agogon dala 5,000 ne a jakar da ba a taɓa gani ba. Dalilin nacewarsu a kan rasit ke nan, da rage kuɗi gwargwadon tsufan kaya, ta yadda akwatin shekara huɗu ba za a biya shi a farashin sabo ba.

Inda ban yarda da su ba shi ne yadda rasit ya zama makami. A kasuwannin da mutanenmu ke sayayya, daga Kantin Kwari zuwa rumfunan da ke kewaye da Harami, wa ke ba da rasit? Yarjejeniyar ba ta ce rasit kaɗai ne hujja ba. Hoton kayan kafin a rufe akwati, saƙon banki na ranar sayayya, nauyin da aka rubuta a sitika, duk abin dubawa ne. Minti ɗaya na ɗaukar hoton akwati a buɗe, da wani hoton nasa a kan sikeli, ya fi dogon bayani daga baya.

Alhazai kuwa lamarinsu ya ɗan fi sarƙewa. Sau da yawa tun a masauki a Makka ake auna manyan jakunkuna a kwashe su a mota, wani lokaci su iso gida a wani jirgi daban, a tara su a sansanin alhazai. A tsakanin nan akwai wakilan kamfani da jami'an hukumar alhazai ta jiha da masu dako. Alhajin da ya tarar da jakarsa a lalace ya sa a rubuta a wurin karɓa, kafin ya ɗauka, ya kai ƙorafi ga hukumar jiharsa da kamfanin da ya yi jigilarsa a lokaci guda, tunda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ce ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin.

Idan kamfani ya yi shiru

Mataki na gaba a Najeriya shi ne NCAA. Tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirage, ta kuma buɗe shafin karɓar ƙorafi ta intanet a 2024. A ƙarshen shekarar ta sanar da ɗaukar matakin ladabtarwa a kan kamfanoni biyar, uku na gida biyu na waje, kuma wulaƙanta kayan fasinja na cikin laifukan da ta lissafa. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai wa kamfanin ƙorafi tukuna, da lambar da aka ba ka. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Kotu ce ƙarshe. Tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'o'in sufurin sama, kuma wa'adin shigar da ƙara shekara 2 ne daga ranar da jirgin ya sauka, ko ranar da ya kamata ya sauka. Musayar wasiƙu da kamfani ba ta tsayar da wannan agogo, kuma akwai masu jan mutum da "muna dubawa" har lokaci ya ƙure. Gaskiyar magana, akwatin naira 80,000 bai kai kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu ba, kamfanoni ma sun san haka. Shi ya sa ƙarfin hukuma ya fi muhimmanci ga talaka a nan fiye da kyawun rubutun doka. A kula kuma da takardar da ake miƙo wa mutum ya sa hannu lokacin karɓar ɗan abin da aka ba shi, domin sau da yawa tana cewa an rufe magana gaba ɗaya. Idan takardar rangwamen tikiti aka ba ka maimakon kuɗi, ba dole ne ka karɓa ba.

Gwaggo dai ta cike takardar a daren, ni kuma na aika imel washegari da hotuna huɗu. Bayan mako uku aka kira ta ta je ta zaɓi sabon akwati a wani shago da suke hulɗa da shi. Kuɗin abayoyin suka ƙi biya, suka ce kwalbar turaren ba a naɗe ta yadda ya kamata ba, kuma babu rasit. Na so mu kai maganar gaba, ta ce ya isa haka. An wanke abayoyin sau uku, biyu suka fita, ɗaya tabon ya zauna a gefen hannu, ita ta riƙe wa kanta tana zuwa masallaci da ita. Da za ta koma bana, ta kira ni tun ana saura kwana biyu ta ce in zo da wayata in ɗauki hoton kayan kafin ta rufe.